Da cokalin magini a gindin tudun Bestansur

Kafin mutum ya kafa diga a kan tudun tarihi a yankin Kurdawan Iraƙi, sai takarda ta riga shi isa. Hukumar kula da kayan tarihi ta lardin Sulaimaniyya ce ke ba da izini, ita ke haɗa kowace tawaga da wakilinta wanda zai zauna tare da ku daga ranar farko har ranar da za a rufe rami, kuma duk abin da aka tono na ƙasar ne, ba na wanda ya tono ba. Ni dai ban sha wahalar wannan ɓangaren ba, domin a matsayin ɗalibi na shiga, malamin da ke duba karatuna na digiri na biyu shi ya nema mini gurbi. Nawa shi ne fasfo da biza, sai kuma amsa tambayar mutanen gida. Da na ce wa kawuna ƙasa za mu je tonawa, sai ya ce, "Zinariya?" Na ce a'a Kawu, toka ce da ƙashin akuya. Ya yi shiru, can ya ce Allah Ya ba da sa'a, irin addu'ar nan da ake yi wa wanda aka riga aka sallama.

Bestansur ƙauye ne a filin Sharazur, tafiyar kilomita 30 da 'yan kai kudu maso gabas da birnin Sulaimaniyya, kusa da garin Arbat. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai albarka, duwatsun Zagros sun yi masa ƙawanya. Mun isa bayan bikin Nauroz, sabuwar shekarar Kurdawa, na 21 ga Maris, sanyi ya ja da baya, zafi bai kankama ba, alkama da sha'ir sun yi kore shar duk inda ka waiga. A gindin tudun akwai babbar maɓuɓɓuga, ruwanta na gangarawa zuwa kogin Tanjero, kuma wanda ya ga ruwan nan ba sai an gaya masa dalilin da ya sa mutane suka yada zango a wurin ba. Tun 2012 masana daga Jami'ar Reading ta Ingila, ƙarƙashin jagorancin Roger Matthews da Wendy Matthews, suke aiki a nan tare da hukumar Sulaimaniyya. Gwajin shekaru ya nuna mazaunan farko sun rayu ne daga wajen 7700 zuwa 7100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba rubutu, ba ƙarfe, ko tukunyar ƙasa ba su fara ginawa ba. A 2017 aka sa wurin a jerin wuraren da Iraƙi ke fatan UNESCO ta karɓa cikin kayan tarihin duniya.

Tudun ba halitta ba ne, mutane suka tara shi ba da niyya ba. Gidan ƙasa yana da wa'adi. In ya gaji, a rushe bangon, a baje ƙasar, a daddale, a ɗora sabon gida a kai. A zuba toka a bayan gida, a zuba shara a lungu, jikoki su zo su maimaita. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano, inda sai ka sauka matakala biyu ko uku kafin ka shiga zauren tsohon gida saboda hanya ta taso ta bar shi a ƙasa, ya riga ya gane rabin karatun. Sauran rabin shi ne a bar abin ya yi ta tafiya na dubban shekaru. Mu ma muna da irin waɗannan tuddai a ƙasar tafkin Chadi, kuma na Daima a Borno, wanda Graham Connah ya tona a 1965 da 1966, shi na fara karantawa a aji. Amma a Sharazur in ka hau ɗaya ka duba, sai ka hango wasu a nesa sun yi tsuru-tsuru a tsakiyar gonaki.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba a kan tudun muka yi aiki ba. Ƙolinsa na mutanen baya-bayan nan ne, in ka yarda a kira zamanin tsofaffin daulolin Assuriyawa da na Sasaniyawa baya-bayan nan. In daga can za ka fara, sai ka ratsa mitoci na gine-ginensu, kana rubuta kowanne, kafin ka taɓa na farko, kuma kuɗin tawaga da shekarunta za su ƙare ba ka isa ba. Waɗanda suka fara binciken sun bi gonakin da ke kewaye a ƙafa, kai a sunkuye, suna tsintar gutsattsarin dutsen ƙyastu da garma ta tono, suna alamta inda ya fi yawa. Nan suka gane tsohon garin ya fi tudun faɗi, kuma a gefe-gefe gidajensa na kwance ƙasa kaɗan da inda bakin garma ke tsayawa. Saboda haka ramukanmu a cikin gona suke, bayan an daidaita da mai gonar.

Da asuba ake tashi. Salla, shayi a ƙaramin kofin gilashi da sukari ya kwanta a gindinsa, gurasa, sai mota. Aikin farko na mai na'urar safiyo ne: ya fitar da kusurwoyin rami, a kafa ƙusa, a ja kirtani. Daga nan ma'aikata 'yan ƙauyen su shiga da diga da shebur da baro su kwashe ƙasar noma, wadda garma ta riga ta cakuɗa. Wannan ne kaɗai lokacin da aikin ke sauri. Da zarar launin ƙasa ya fara canzawa sai a ajiye diga, kowa ya durƙusa da cokalinsa. Cokalin magini ne sak, sai dai ƙarami, ana kwantar da gefensa a kankare ƙasa siriri-siriri, ana ja da baya don kada a taka inda aka gyara. Wanda ya taka wuri mai tsafta da takalmi zai sha harara daga kowace kusurwa.

A nan wahalar take. Bangon ƙasa ne, ya faɗi cikin ƙasa, ƙasa ta rufe shi. Ɗakin, da abin da ya cika ɗakin, da abin da ke bayan ɗakin, duk daga laka ɗaya aka ɗebo su. An ba ni wata kusurwa aka ce akwai bango a ciki, in fito da fuskarsa. Na duba, na sake dubawa, ban ga komai ba sai ƙasa ruwan makuba. Kusa da ni akwai wani dattijo da kowa ke kira Haji, manomi ne, ya daɗe yana aiki da tawagar. Ba na jin yarensu na Sorani, shi ba ya jin Turanci, amma yana da Larabci irin na mutanen zamaninsa, ni kuma ina da guntun na Islamiyya, da shi muka lallaɓa. Ya ce, "Ɗan'uwa, kada ka duba. Saurara." Ya ƙwanƙwasa ƙasa da gindin cokali a nan, ta yi ƙara a dunƙule. Ya matsa taki ɗaya ya ƙwanƙwasa, ta yi luɓus. Sai ya sa tsinin cokalin a tsakani ya ɗan taɓa, ƙasar mai laushi ta ɓalle da kanta, ta bar wata fuska a miƙe mai santsi, da siririn layin yaɓe mai haske wanda bai kai kaurin farce ba. Wannan yaɓen, wani ne ya shafa shi da tafin hannunsa shekara sama da 9,000 da suka wuce.

Daga baya na koyi sauran dabarun. Da sanyin safiya, kafin rana ta take, ƙasa na da ɗanshi kuma haske na zuwa a karkace, layin tubali sai ya fito fili. In rana ta yi tsaka komai ya koma fari fat, ko mai aikin shekara 30 ba ya ganin komai. Shi ya sa ake yawo da famfon feshi irin na manoma ana yayyafa ruwa kafin a ɗauki hoto. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan sana'ar kunne da wuyan hannu sun riga ido sani. Kuma gaskiyar da ba kowa ke rubuta ta a rahoto ba ita ce, rabin bangwayen da ake bugawa da sunan manyan masana, irin su Haji ne suka fara gano su.

Kowane abu da aka bambance yana samun lamba tasa. Bango lamba, daɓen ɗaki lamba, tokar da ke kan daɓen lamba, ramin da wani ya haƙa daga baya ya huda daɓen lamba, ƙasar da ta cika ramin ita ma lamba daban. Kowace lamba na da takardarta: launi, wanda ake gwadawa da littafin launukan ƙasa na Munsell don kada kowa ya rubuta abin da idonsa ya so, laushi ko tauri, abin da ke ciki, me ke samanta, me ke ƙarƙashinta, me ta yanka. A zana ta daga sama, santimita ɗaya a takarda a madadin 20 a ƙasa, a ɗauki tsayinta da na'ura, a yi hoto da sandar awo da kibiyar arewa. Sai an gama duk wannan sannan a cire ta, kuma na baya-bayan nan ake fara cirewa, a bi su a juye yadda aka zuba su. Da yamma a jera lambobin a wani zane mai rassa da Edward Harris ya ƙirƙiro a 1973, wanda ke nuna wanne ya riga wanne. Da farko na ɗauki wannan rubuce-rubuce a matsayin tsirfar Turawa. Amma tono rushewa ne. Daɓen da ka kankare yau ba mai sake ganinsa har abada, abin da ka rubuta shi ne kaɗai zai saura. Wannan ne ma bambancinmu da masu haƙar sata, irin waɗanda suka yi wa ƙasar Nok kaca-kaca a kudancin Kaduna: su ma suna fito da kaya, har ma waɗanda suka fi namu kyau, amma sun bar mu da gumaka a hannun 'yan kasuwa ba tare da sanin ɗakin da suka fito ko shekarunsu ba.

Ƙasar da aka kankare ba a zubar da ita. Ana ƙirga bokitai, domin a san lita nawa ta fito daga kowace lamba, sannan a kai wurin rariya mai ƙafa, yara biyu na girgizawa, ƙura na bin iska ta shiga hanci da shayi da komai. Abin da ya tsaya a raga ake tsincewa. Mafi yawa katantanwar dodon koɗi ce, tuli guda, domin mutanen wurin sun ci ta ba kaɗan ba. Sai ƙasusuwan awaki da tumaki da aladen daji, da ƙayar kifi, da 'yan wuƙaƙen dutsen ƙyastu sirara waɗanda har yau in ka yi sakaci za su yanke ka. Jefi-jefi sai wani baƙin abu ya yi walƙiya a cikin ragar. Obsidiyan ke nan, gilashin da ke samuwa in aman dutse ya huce da sauri. Babu shi a duk yankin. Akwai na'urar hannu da ake ɗora wa dutse ta karanta sinadaran cikinsa, kuma ta nuna irin wannan daga dutsen Nemrut yake, a bakin tafkin Van da ke gabashin Turkiyya ta yau, ɗaruruwan kilomita ta cikin tsaunuka, a zamanin da ba jaki ba doki. Ko hannu da hannu ya bi har ya iso, ko wasu ne suka yi tattaki, mutanen nan dai ba a rufe suke ba.

Wani kaso na ƙasar kuma ba ya zuwa rariya, a buhu ake ɗaure shi da lambarsa a kai wurin regaya. An kafa durom a bakin ruwa, injin ban-ruwa na tura ruwa daga ƙasansa, da raga mai ido milimita ɗaya a ciki. A zuba ƙasar a hankali, a sa hannu a murje dunƙulen. Laka ta narke ta wuce, tsakuwa da ƙananan ƙasusuwa su zauna a ragar, abin da ya ƙone kuma, da yake ba shi da nauyi, ya taso ya bi ta bakin durom ya faɗa cikin wani ƙyalle mai ido ƙanana ƙwarai. A ƙulle ƙyallen a rataye a inuwa, don in rana ta busar da shi da gaggawa ƙwayoyin fashewa suke. Na yi kwanaki a wannan wurin, hannu ya yi fari ya tattare, kuma in ka buɗe ƙullin da ya fito daga buhu guda, abin da ke ciki sau da yawa bai cika cokalin shayi ba. Amma a cikin wannan ɗan baƙin garin ake samun ƙwayar alkama ko ta adas, wani ɗan ƙaramin wake, da ta faɗa wuta wata rana ana girki. Ba don ta ƙone ba da tuni ta ruɓe.

Mai nazarin tsirrai ta nuna mini abin da take nema a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kuma ba ƙwayar ce ta fi damunta ba, ɗan gaɓar da ke riƙe ƙwayar a jikin zangarniya ne. Alkamar daji in ta nuna zubewa take da kanta, don haka gaɓarta na rabuwa sumul. Wadda ta saba da hannun mutum ba ta zubewa sai an sussuka, gaɓarta na fita a yage. Da wannan ɗan tabon, wanda bai kai kan allura biyu ba, ake raba mai tsinta da mai shuka. Ƙwayar kuma ita ce ta fi dacewa da gwajin shekaru. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in kabon da ke raguwa da rabi a kowace shekara 5,730 bayan mutuwarsa. Gawayin itace na iya yaudara, domin bishiyar ta iya yin shekaru ɗaruruwa kafin a sare ta. Ƙwayar hatsi kuwa damina ɗaya ta yi a duniya.

Abin da ya zauna a raga shi ma ba a barinsa. In ya bushe a baza shi a faranti, a zauna da matsefata bayan la'asar ana ware ƙashin kifi daga na ɓera, ɓawon ƙwai daga katantanwa. Aikin da kowa ke gudu ke nan, kuma a nan ake samun yawancin ƙananan duwatsun ado.

Sai kuma abin da ban taɓa gani ba kafin na je: ɗaukar ƙasar kanta a dunƙule. A jikin bangon rami, inda shimfiɗu suka jeru kamar shafukan littafi, a yanko ɗan tubali kamar tafin hannu ba tare da an motsa cikinsa ba, a naɗe shi tam, a rubuta masa sama da ƙasa. A ɗakin gwaji a shayar da shi wani ruwan roba har ya daskare ya zama dutse, a yanka, a goge har kaurinsa ya koma kashi 30 cikin 1,000 na milimita, haske na ratsa shi. A nan ake ganin sau nawa aka sake yaɓe ɗaki, ko an shimfiɗa tabarma, ko rufaffen wuri ne ko ruwan sama na dukansa. Har kashin dabbobi ana ganewa, domin cikin tumaki da awaki na samar da wasu 'yan ƙwallaye na alli da ke saura bayan kashin ya ruɓe. Da wannan hanyar tawagar ta gano a tudun Sheikh-e Abad na Iran, inda ta yi aiki a 2008, cewa an tsare dabbobi a garke, alhali ƙasusuwansu na nuna kamar na daji ne. Dabba takan daɗe a hannun mutum kafin ƙirarta ta canza. Can ma a Ganj Dareh, cikin tsaunukan nan dai, Melinda Zeder da Brian Hesse sun nuna a shekarar 2000 cewa wajen shekara 10,000 da suka wuce ana yanka bunsuru tun yana ƙarami a bar akuya ta tsufa. Maharbi ba ya wannan zaɓen, lissafin makiyayi ne. A jikin tubalin wurin ma an ga sawun kofaton akuya da ta taka shi tun yana ɗanye.

Juma'a ba aiki. Wata Juma'ar aka kai mu Jarmo, kusa da Chamchamal, inda duk wannan salon ya samo asali. Robert Braidwood na Jami'ar Shikago ya tona wurin a 1948, ya koma a 1950 zuwa 1951, sannan 1954 zuwa 1955. A lokacin, masu zuwa Iraƙi fadoji da allunan rubutu suke nema. Shi kuwa tambayarsa ita ce ina aka fara noma, saboda haka ya taho da masanin tsirrai Hans Helbaek, da masanin dabbobi Charles Reed, da masanin duwatsu Herbert Wright. Ya ƙiyasta ƙauyen bai wuce gida 25 da mutum 150 ba. Gwajin kabon ma a lokacin jariri ne, Willard Libby bai daɗe da fito da shi a Shikagon ba, kuma shekarun farko da aka samu daga Jarmo sun yi ta saɓa wa juna har suka rikita mutane. Wurin kansa ba abin kallo ba ne: ɗan tudu a bakin kwazazzabo, ruwa ya cinye gefensa, ciyawa ta rufe tsofaffin ramuka. Direbanmu ya duba ya ce, "Nan ne?" Muka ce nan ne. Ya koma mota ya kunna rediyo.

Ɓangaren da ya fi tsaya mini a rai shi ne ginin da ake kira na 5. Babba ne, ya fi sauran tsari, kuma a ƙarƙashin daɓen babban ɗakinsa an samu ƙasusuwan mutum fiye da 60, da yawansu jarirai da ƙananan yara. Wasu a kwance suke cikakku, a takure. Wasu kuma an kawo ƙasusuwan ne bayan nama ya tafi, an jera su tare, da 'yan duwatsun ado a tsakani. Ana buɗe daɓen a saka wani, a sake yaɓewa, a ci gaba da shiga ɗakin. An tura ni in taimaka wa mai nazarin ƙashi. A nan ba cokali, sai tsinken katako da buroshi mai laushi, da safar hannu da takunkumi don kada gumin mai tono ya gurɓata gwajin ƙwayoyin gado. Ana aiki a kwance a kan katakon da aka gitta, ciki a ƙasa, kai a rataye. Ƙoƙon kan jariri bai fi ɓawon ƙwai ƙwari ba, kuma nauyin ƙasa ya riga ya lotsa shi; kafin a ɗaga ko da guntu ɗaya sai an zana, an yi hoto, an ba shi lamba.

Ban shiga wannan da sakakkiyar zuciya ba. Mu da aka rena da hadisin da ke cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, ba ma ɗaukar kabari da wasa, ko na wane ne. Hujjar masana na san ta: wurin na dab da bakin garma, abin da ba a ɗauke da ladabi ba injin noma zai niƙe shi, kuma daga haƙori ɗaya ana iya sanin ko yaro a nan ya sha ruwa ko daga wani wuri aka zo da shi, da shekarun da aka yaye shi, da yunwar da ya sha. Na yarda da hujjar, amma duk da haka da bisimilla nake fara taɓawa. Na tambayi Haji ko abin bai dame shi ba. Mutanen filin nan sun ga yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988. Halabja, wadda aka yi wa ruwan iskar guba ranar 16 ga Maris 1988, a ƙarshen wannan filin take, kuma a farmakin Anfal da gwamnatin Iraƙi ta kai a shekarar an kwashe dubban Kurdawa waɗanda har yau danginsu ba su san inda aka binne su ba. Haji ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce, "Waɗannan dai uwayensu sun san inda suka ajiye su." Ya ɗauki baronsa ya wuce. Ban ƙara tayar da maganar ba.

Makon ƙarshe guje-guje ne. Ka'idar da kowa ya sani ita ce abu mafi muhimmanci sai ana shirin tashi yake leƙowa, kuma ba yadda za a yi da shi sai a rubuta abin da ya bayyana a rufe shi sai baɗi. Zafi ya fara, alkama ta yi ja, mai gona na son gonarsa. Aka zana bangwayen rami huɗu, shimfiɗa bayan shimfiɗa, aka ɗauki hoton ƙarshe tun rana ba ta fito ba. Sannan aka lulluɓe bangwaye da daɓe da wani yadi mai barin ƙasa ta yi numfashi, aka jera buhunan ƙasa a jikin bango don kada ya zube, aka mayar da duk ƙasar da muka yi makonni muna fitarwa. Wanda ya zo bayan wata biyu ba zai ce an taɓa wurin ba.

A gidan da muke kwana kuma ana ta rajista. Kowane dutsen ado, kowace 'yar siffar laka, kowane dutsen niƙa, sai an auna shi, an yi masa hoto, an shigar da shi littafi, wakilin hukuma na duba lamba da lamba yana sa hannu. Kayan suka tafi gidan tarihi na Sulaimaniyya, wanda aka kafa a 1961, na biyu a girma a Iraƙi bayan na Bagadaza. Abin da aka yarda a fita da shi waje samfurin gwaji ne kawai, ƙwayoyin da suka ƙone, da dunƙulen ƙasa, da 'yan gutsattsarin ƙashi, shi ma da takardar izini mai jera kowace leda. Aka biya ma'aikata, aka ci shinkafa da miyar wake da naɗaɗɗen ganyen inabi a tabarma ɗaya, aka yi sallama.

Ni rabona daga aikin shi ne takardun lambobin kusurwata da aka ɗora mini in mayar da su rahoto: bango, daɓe hawa uku, tulin toka da katantanwa a waje, da jerin wanne ya riga wanne. Masu tono na cewa wata ɗaya a rami yana haifar da watanni a kan tebur, kuma haka na gani. Ƙwayoyin da muka rege sai sun bi layi a ɗakin gwaji, dunƙulen ƙasa kuwa shan robarsa kaɗai makonni yake ɗauka kafin a kai ga yanka. Sai waɗannan sun dawo sannan za a iya cewa ko tokar da ke bayan bangon ta masu ɗakin ce, ko ta wasu ce da suka zo bayan rufin ya faɗi suka mai da kangon juji.